Landan ko e4: da wane buɗin wasa za mu kai yara gasa?

Malam Ɗanjuma (Pantami):
Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar manya da ƙanana a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Yaran da nake koya wa ces (wasan chess) da yamma, waɗanda galibinsu 'yan sakandare ne, za su shiga gasa nan da 'yan makonni, zagaye bakwai a tsarin Siwis, wato inda ake haɗa masu maki kusan ɗaya a kowane zagaye ba tare da an fitar da kowa ba, kowane ɗan wasa yana da minti 25 da ƙarin daƙiƙa 10 a kan kowane taku. Sun iya tafiyar kowane ɗa a kan allo, sun san dokar cewa wanda ka taɓa shi za ka motsa, amma idan aka zo farkon wasa kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Niyyata ita ce in ɗora su duka a kan tsarin Landan idan suna riƙe da fari: soja zuwa d4 (kowane gida a allo ana kiransa da harafi da lamba), bishof zuwa f4, sojoji zuwa e3 da c3, doki ɗaya a f3 ɗaya a d2, ɗaya bishof ɗin a d3, sannan a kai sarki kusurwa. Dalilina shi ne lokaci ya ƙure, kuma wannan tsari ba ya buƙatar hadda mai yawa, tun da kusan duk abin da mai baƙi ya buga haka za ka jera naka. Kafin in yanke hukunci ina so in ji ta bakinku.

Alhaji Bappah (Jekadafari):
Wa alaikumus salam. Malam Ɗanjuma, Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar yaran nan. Sai dai ban goyi bayan wannan shawara ba, kuma zan faɗi dalilina dalla-dalla. Abin da ka lissafa a matsayin alherin Landan, wato cewa yaro zai jera 'ya'yansa ba tare da ya damu da abin da abokin karawarsa yake yi ba, shi ne ainihin abin da nake tsoro. Yaron da ya saba yin taku takwas idonsa a rufe zai kai taku na tara da wannan ɗabi'ar, alhali a nan ne wasa yake fara neman tunani. Ni a ganina mai koyo ya fara da soja zuwa e4, idan aka amsa masa da e5 ya fito da doki zuwa f3, sannan bishof zuwa c4, wanda shi ne wasan Italiya. A cikin wannan buɗi tun taku na uku bishof ya sa ido a kan f7, gidan da sarki kaɗai ke karewa, saboda haka dole yaro ya koyi kai hari da tsaron kai a lokaci guda. Hanyoyi suna buɗewa da wuri, 'ya'ya suna haɗuwa da wuri, kuskure kuma yana bayyana nan take, wanda hakan ke sa darasi ya zauna. Wannan buɗi an shafe ɗaruruwan shekaru ana rubuta shi, kuma har gobe manyan gwanayen duniya ba su ajiye shi ba.

Injiniya Sa'idu (Federal Low Cost):
Ranka ya daɗe Alhaji, da girmamawa nake cewa ana zaluntar Landan da sunan buɗin malalata. Sunan ma ya samo asali ne daga babbar gasar da aka yi a birnin Landan a 1922, ka ga ba yau aka fara shi ba. A 2023, a karawar kambun duniya da aka yi a Astana, Ding Liren na ƙasar Sin ya buga shi a wasa na shida da Ian Nepomniachtchi na Rasha, ya kuma yi nasara. Abin da ya ci wasa a wannan mataki ban ga yadda za a ce bai dace da ɗan sakandare a Gombe ba. Sannan mu dubi agogo, domin a wasan minti 25 yaron da ya ɓata minti goma yana lalube a taku bakwai na farko ya riga ya ba da rabin wasansa. Malam ya ce makonni kaɗan suka rage. Idan ya ɗora su a kan e4 sai ya tanadar musu amsa ga c5, da e6, da c6, da d5, ban da e5 ɗin da Alhaji ya ambata, kuma kowanne daga ciki duniya ce mai zaman kanta.

Aishatu (Bolari):
Hamma Sa'idu, maganar agogo gaskiya ce, amma cewa ana jera Landan iri ɗaya ko da me mai baƙi ya buga, a nan nake da ja. Ina roƙon kowa ya ɗauko allo ya bi wannan. Mai fari ya buga d4, mai baƙi d5. Bishof f4, doki f6. Soja e3, soja c5. Soja c3, doki c6. Yanzu mai fari, bisa saboda hadda, ya fito da doki zuwa f3. Sai mai baƙi ya kawo sarauniya b6, ta sa ido a kan sojan b2, wanda ya rasa mai tsaronsa tun lokacin da bishof ya bar c1. Amsar da aka saba ita ce sarauniya zuwa b3, sai mai baƙi ya tura soja c4, sarauniyar fari ta koma c2. A nan ne mai baƙi zai aje bishof a f5, a gidan da babu mai kare shi, kamar ya yi kyauta. Idan yaro ya yi kwaɗayi ya cinye bishof ɗin da sarauniya, ta bar tsaron b2 ke nan, sarauniyar baƙi ta ci b2, kuma ruk ɗin da ke a1 ba shi da mafita domin doki yana tare masa hanya a b1. Idan kuma bai ci ba, sai ya ja sarauniya baya zuwa c1, ya zama ya yi tafiya uku da ita a banza, mai baƙi kuwa ya gama fito da kayansa cikin kwanciyar hankali. Maganin abin shi ne a fara fito da dokin d2 kafin na f3, ta yadda ruk zai samu hanyar zuwa b1. Wato ko a Landan ɗin akwai jerin da ya dace da wanda bai dace ba, kuma yaron da aka gaya wa cewa duk ɗaya ne shi zai fara faɗawa rami.

Malam Ɗanjuma (Pantami):
Malama Aishatu, na jera shi a kan allo kamar yadda kika ce, kuma haka abin yake. Amma ina tambaya, yara nawa ne a irin wannan gasa za su san sarauniya b6 da bishof f5?

Yakubu (Kaltungo):
Allah ya gafarta Malam, sun fi yadda kake zato yawa. Yaran yanzu da waya suke koyon ces, suna buga wasannin minti uku a shafukan Lichess da Chess.com, suna kuma kallon gajerun bidiyo waɗanda kusan dukkansu tarko ake koyarwa a ciki. Wanda ya fi yawo a tsakaninsu, kuma an yi shi ne kamar don masu son bishof f4, shi ne sadaukarwar Englund. Kana buga d4 sai yaro ya amsa da e5, ka ci sojan, ya fito da doki c6, ka kare da doki f3, ya kawo sarauniya e7, ka ƙara karewa da bishof f4 kamar yadda hannunka ya saba. Sai sarauniya ta yi tsalle zuwa b4 ta yi wa sarki barazana, ka dawo da bishof d2, ta ci b2. Idan a nan ka kai bishof c3 don ka kore ta, ya kawo nasa bishof ɗin b4, ka kawo sarauniya d2, ya ci bishof ɗinka, ka rama da sarauniya, sai tasa ta sauka a c1, sarki ya mutu a taku na takwas. Na ga an yi wa wani magidanci haka a gaban jama'a, yaron da ya yi masa kuwa ko gemu bai fara ba. Abin da ya kamata mai fari ya buga a taku na shida shi ne doki zuwa c3, daga nan mai baƙi ne ke cikin wahala, domin sarauniyarsa ta yi nisa da gida kuma sauran 'ya'yansa suna barci. Englund ba buɗin kirki ba ne, kowace kwamfuta za ta gaya maka haka, amma yana cin waɗanda ba sa duba allo.

Injiniya Sa'idu (Federal Low Cost):
To ai tarko bai taƙaita ga d4 ba, Yakubu. A ɓangaren e4 da e5 ne ma ya fi yawa. Akwai kisan taku huɗu da sarauniya h5 da bishof c4, akwai kuma harin doki g5 a wasan Italiya, inda ake sadaukar da doki a f7 a jawo sarki tsakiyar allo. Idan tsoron tarko ne ma'auni, to hanyar da Alhaji yake so ta fi kowace hatsari.

Alhaji Bappah (Jekadafari):
Injiniya, ka kawo mini hujjata da kanka. Bari mu ɗauki harin doki g5 ɗin mu gani. Yana yiwuwa ne idan mai baƙi ya buga doki f6 a taku na uku, domin dokin ya tare wa sarauniyarsa hanya. Idan ya buga bishof c5 a maimakon haka, duk dokin da ya zo g5 sarauniya za ta ɗauke shi kyauta. Idan kuma ya riga ya buga doki f6 aka kawo masa harin, zai tura soja d5, a ci, sannan ya kai dokinsa a5 ya kori bishof, maimakon ya rama cin sojan da doki, wanda shi ne yake ba da damar sadaukarwa a f7. Yaron da aka zauna da shi rabin sa'a aka nuna masa wannan ya koyi abu uku waɗanda za su bi shi har tsufa: raunin f7, amfanin hanyar sarauniya, da cewa ba kowane ci ake ramawa nan take ba. Haka kisan taku huɗu, idan ya koyi tare shi da soja g6 sannan doki f6, ya gane dalilin da ya sa ba a fito da sarauniya da wuri. Tarkon e4 darasi ne a kan dokokin wasa gaba ɗaya. Wanda ya san Landan kaɗai kuwa kamar direban da bai san wata hanya ba ce sai Gombe zuwa Bauchi, ranar da aka tare hanya a Alkaleri sai ya kashe mota ya zauna.

Bello (Tudun Wada):
Bappa, ina neman izini in sa baki duk da ni ƙarami ne a nan. Duk maganar da ake yi ta mai fari ce, alhali a zagaye bakwai yaro zai riƙe baƙi sau uku ko huɗu. Ni ina ganin a koya musu Sisiliya, musamman reshen Najdorf, wanda tsofaffin zakarun duniya Bobby Fischer da Garry Kasparov suka dogara da shi. Mai baƙi da ya amsa e4 da c5 yana neman nasara ne tun daga farko, ba canjaras ba, kuma a tsarin Siwis wanda ya tara canjaras ba ya zuwa ko'ina.

Aishatu (Bolari):
Bello ƙanena, Najdorf kyakkyawan buɗi ne, amma ka dubi abin da kake ɗora wa yaro. Bayan soja a6 a taku na biyar, mai fari yana da amsoshi da dama waɗanda kowacce aka yi nazarinta mai zurfi, irin su bishof g5, da bishof e3, da bishof e2, da bishof c4, da soja h3, kuma a wasu rassan ana bin hadda har bayan taku ashirin, inda mantuwa ɗaya take kashe wasa. Fischer kansa, wanda babu wanda ya kai shi sanin wannan buɗi a zamaninsa, ya sha kashi da shi a wasa na 11 na karawarsa da Boris Spassky a Reykjavik a 1972, lokacin da ya ci sojan b2 da sarauniya aka rutsa ta. Wani abin kuma shi ne ba lallai a bar ka ka kai ga Najdorf ɗin ba. Mai fari yana iya buga soja c3 a taku na biyu, ko bishof b5 a taku na uku, duk haddarka ta tashi a banza. A Landan a 2018 Fabiano Caruana ya yi ta buɗe wa Magnus Carlsen da e4, Carlsen yana amsawa da c5, kuma a wasannin farko bishof b5 Caruana ya riƙa bugawa don ya kauce wa manyan rassan. Idan masu neman kambun duniya suna kaucewa, ɗan sakandaren da ke gaban yaronmu ma zai kauce, ko da saninsa ko cikin rashin sani.

Bello (Tudun Wada):
Na fahimta, Adda. To idan ba Sisiliya ba, me za su buga da baƙi? Domin idan aka ce e5, to sai sun shirya wa Ruy Lopez, inda mai fari yake kai bishof b5 a taku na uku, wanda shi ma teku ne.

Alhaji Bappah (Jekadafari):
Ɗana Bello, tekun ne, tun da limamin cocin nan na Sifaniya da aka sa wa buɗin sunansa ya yi rubutu a kansa tun 1561, kuma har yau ba a kai ƙarshensa ba. Amma zurfin da manya suke shiga bai shafi yaranmu ba. Ka ɗauki tsaron Balin, wato doki f6 a taku na uku. Da shi Vladimir Kramnik ya toshe wa Kasparov hanya a Landan a shekarar 2000, har ya karɓe kambu da maki 8½ da 6½ ba tare da Kasparov ya ci wasa ko ɗaya ba. A babban reshensa ana musayar sarauniyoyi tun taku na takwas, sarkin baƙi ya rasa damar zuwa kusurwa, sojojinsa biyu su hau layi ɗaya, amma yana da bishof biyu kuma babu ƙofar da za a shigo masa. Kramnik ya zaɓe shi ne domin ya san da wa yake karawa, ya san Kasparov ya fi kowa haɗari idan sarauniya tana kan allo, sai ya cire ta. Wannan shi ne abin koyi a labarin, cewa buɗi ana zaɓensa ne bisa sanin kai da sanin abokin karawa. Yaron da ya kwaikwayi takun Kramnik ba tare da ya iya ƙarshen wasa ba zai tsinci kansa a matsayin da bai san me ake nema a cikinsa ba. Abin da nake so su sani a Ruy Lopez kaɗan ne: soja a6 don a tambayi bishof inda ya nufa, doki f6, bishof e7, soja b5 da d6, a kai sarki kusurwa. Sauran su yi tunani.

Yakubu (Kaltungo):
Ni da baƙi Karo-Kan na fi natsuwa da shi ga mai koyo, wato c6 sannan d5. Yana da ƙarfi kamar tsaron Faransa, amma ba ya kulle bishof ɗin c8 a bayan sojoji, wanda shi ne ciwon kan masu buga e6. Anatoly Karpov ya daɗe yana amfani da shi. Duk da haka ba zan ɓoye ba, shi ma yana da ramukansa, domin da shi Kasparov ya faɗi a wasan ƙarshe da kwamfutar Deep Blue a New York a 1997, bayan ya buga soja h6 a taku na bakwai, kwamfutar ta sadaukar da doki a e6, wasa ya ƙare a taku 19.

Injiniya Sa'idu (Federal Low Cost):
Madalla, ga shi Yakubu ya nuna cewa ko Kasparov jerin taku ya taɓa kayar da shi, saboda haka kuskuren dokin f3 da Malama Aishatu ta nuna ba laifin Landan ba ne, abu ne da ake gyarawa a zama ɗaya. Kuma ina so a lura, wanda ya buga Karo-Kan da baƙi ya buga Landan da fari yana samun jerin sojoji masu kama da juna, c6 da d5 da e6 a can, c3 da d4 da e3 a nan, bishof kuma a waje kafin a rufe ƙofa. Idan aka ƙara masa tsaron Silab a kan d4, wanda shi ma c6 da d5 ne, to yaro ya samu tsari guda da zai yi masa aiki a duk zagaye bakwai. Kuma ƙarya ce a ce babu hari a Landan. Doki yana zama a e5, bishof na d3 yana kallon h7, sarauniya tana zuwa f3 ta wuce h3, wani lokaci a tura sojan h gaba. Duk wanda ya kai sarkinsa kusurwa ya yi sakaci zai ga sadaukarwar bishof a h7 kafin ya farga.

Hajiya Hauwa (Herwagana):
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma a matsayina na wadda ta sha zama a teburin alƙalanci a ƙananan gasanni, ina ganin ana ba buɗin wasa nauyin da ya wuce nasa. Abin da idona yake gani shi ne yaro ya fito daga buɗi da rinjayen doki sukutum, bayan taku goma ya bar sarauniyarsa a bakin bishof, ko ya kai ƙarshe da sarauniya da sarki a kan sarki tilo ya rufe masa duk hanya ba tare da barazana ba, wasa ya tashi canjaras yana kuka. Ko a sama haka abin yake. Karawar kambun duniya ta Singafo a ƙarshen 2024 ta fara da Ding ya ba kowa mamaki da tsaron Faransa ya ci wasan farko da baƙi, amma ba buɗi ne ya raba gardama ba. A wasa na 14, a matsayin da masana suka ɗauka canjaras ne, Ding ya kai ruk f2 a taku na 55 yana neman musaya, alhali bishof ɗinsa yana maƙale a kusurwa. Abokin karawarsa Gukesh na Indiya ya musanya ruk, ya tilasta musayar bishof, ya rage sarki da sojoji kuma yana da rinjayen soja ɗaya, ya zama zakaran duniya yana da shekara 18, da maki 7½ da 6½. Malam Ɗanjuma, da ni ce kai, kashi biyu cikin uku na lokacin da ya rage zan ba dabarun ci, irin su doki ya kai hari biyu a lokaci guda da ɗaure ɗa a gaban sarkinsa, da kuma ƙarshen wasa: kashe sarki da ruk ɗaya, tsayuwar sarki fuska da fuska a wasan soja, da tsaron Philidor a wasan ruk da soja a kan ruk, inda mai karewa yake ajiye ruk a layi na uku daga gefensa har sai soja ya matso, sannan ya kai ruk ɗin can bayan sojan ya yi ta yi wa sarki barazana. Kuma don Allah a gaya musu su bar waya a waje, domin ƙararta kaɗai tana iya jawo a ba abokin karawa wasan.

Alhaji Bappah (Jekadafari):
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai maganarta ba ta raba mu da tambayar ba, domin dabarun cin da take so a koya musu a buɗaɗɗen wasa suke yawan fitowa, kuma e4 ne yake kawo shi. Akwai kuma abin da nake so Injiniya ya duba a tarihin Fischer. Kusan duk rayuwarsa da e4 yake buɗewa, amma a wasa na shida a Reykjavik ya buɗe da c4, wasa ya juya zuwa sadaukarwar sojan ɓangaren sarauniya da aka ƙi karɓa, buɗin da ba a san shi da shi ba, ya kuma buga shi da kyau har Spassky ya taya 'yan kallo tafa masa. Wanda ya ginu a kan buɗaɗɗen wasa yana iya komawa rufaffe duk ranar da ya so. Ding ɗin da ka kafa hujja da shi ma ba da Landan ya tashi ba, ya ɗauko shi ne a matsayin makami ɗaya cikin makamai masu yawa, a ranar da ya ga ya dace.

Injiniya Sa'idu (Federal Low Cost):
Ranka ya daɗe, ban musa ba idan maganar shekara biyar ake yi. Amma Malam makonni ya ambata, kuma yaron da ya je gasarsa ta farko aka kashe shi a taku goma sha biyu sau uku a jere ba lallai ya dawo ajin yamma ba, balle a gina shi a kan wani abu. A bar su su ga tsakiyar wasa tukuna, su ji daɗin zama sa'a guda a gaban allo, daga baya a buɗe musu e4.

Aishatu (Bolari):
Wataƙila ba dole ne a yi wa yaran duka ɗinki ɗaya ba. Malam ya fi mu sanin waɗanda hannunsu yake rawa idan agogo yana tafiya da waɗanda suke son faɗa. Na farko a ba su Landan, amma da sharaɗin su san abu uku: dokin d2 kafin na f3 idan an buga c5 da doki c6, amsar Englund, da abin yi idan mai baƙi ya kai bishof g7 ya shirya tura soja e5, domin a nan bishof na d3 ba ya cizo, gara a ajiye shi a e2 a kuma buɗe wa na f4 mafaka da soja h3. Na biyu a ba su Italiya mai natsuwa, da c3 da d3, wadda manya suka koma wa sosai bayan Balin ya hana su sakat a Ruy Lopez, kuma jerinta bai fi na Landan wuyar riƙewa ba. A kan c5 su buga c3, a kan e6 da c6 su tura d4 su musanya a d5, wanda zai ba su buɗaɗɗen wasa ba tare da hadda ba. Wannan ya amsa damuwar Hamma Sa'idu ta yawan amsoshi.

Malam Ɗanjuma (Pantami):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar. Zan bi rabon lokacin da Hajiya ta kawo. Da baƙi kowa zai buga e5 a kan e4, da d5 da e6 a kan d4, domin ina so su saba da riƙe tsakiyar allo da soja, Karo-Kan kuma sai bayan gasa, Yakubu ka yi haƙuri. Da fari zan raba su kamar yadda Malama Aishatu ta ce, amma ba ni zan zaɓa musu a kan takarda ba. Ranar Asabar bayan la'asar kowane yaro zai buga wasa biyu da agogo, ɗaya da d4 ɗaya da e4, su rubuta takunsu, mu zauna mu duba a taku na nawa kowa ya fara lalube da kuma minti nawa ya rage masa a lokacin. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk wanda yake da hali ya zo ya taya ni dubawa, musamman Bello, domin ina so ka riƙe baƙi ka gwada musu Englund da sarauniya b6 ba tare da ka gaya musu ba.

Bello (Tudun Wada):
In sha Allahu zan zo, Malam. Amma ina roƙon a bar ni in buga c5 ko sau ɗaya ne, mu ga ko c3 ɗin da Adda take yabo zai tsaya.

Injiniya Sa'idu (Federal Low Cost):
Zan kawo agogo biyu da takardun rubuta taku. Idan yara sun gama, ina neman alfarmar wasa ɗaya da Alhaji, ni da fari, kuma kowa ya san d4 da bishof f4 zan buga.

Alhaji Bappah (Jekadafari):
Na amince, Injiniya. Ka dai tuna da dokin d2, domin sarauniyata b6 za ta zo a taku na biyar.